Kunnen Kwandasta Ya Ƙi Warkewa

Anti, don Allah ki agaza mini, kunnen kare na neman haɗa ni rigima da maigidana. Na san za ki yi dariya, ni ma da wata ce ta rubuto haka da na dara.

Mahaifina tsohon direban bas ne. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya dawo gidanmu da zama, ya taho da tsohuwar motarsa da ta daina tashi, da karensa mai dogayen kunnuwa masu reto, wanda yake kira Kwandasta. Da ma muna da mage, yana zuwa ya raɗa mata Fasinja, wai kullum tana kwance a mota ba ta taɓa biya ba. Farkon zuwansa Baba ko ƙofar ɗaki ba ya leƙowa. Karen nan ne ya dinga jan bakin rigarsa har ya soma fita zagaya unguwa, yana dawowa da labari da yunwa. Wallahi ranar da na sake jin dariyarsa sai da na shiga ɗakin ɗinkina na yi kuka.

To, ga matsalar. Kwandasta sai ya kama kaɗa kai yana susar kunne, baƙin datti na fita, ga wari wanda ba a magana. Mun kai shi wurin likitan dabbobi, ya ba mu maganin ɗigawa. Kafin ka ce kwabo ya warware, muka ajiye sauran maganin a kan firji. Bayan 'yan makonni abu ya dawo, muka ɗauko ragowar muka ɗiga, ya lafa, ya sake dawowa. Yanzu har Fasinja ta fara susa, don kuwa a kan wuyansa take barci. Na so in ɗiga mata ita ma, sai ta gudu.

Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma a baranda yake shan iska da abokansa, kuma nan ne wurin kwanciyar Kwandasta. Ya ce in ciwon ya ƙara dawowa zai kai shi gonar wani abokinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, cewa ya yi ƙazanta ce. Ƙazanta fa, Anti! Baban da kullum da safe sai ya wanke motar da ba ta zuwa ko'ina, in ya gama ya juya tiyo kan Kwandasta, ya wanke shi tas daga kai har wutsiya, ya bi kunnuwan da tsinken auduga. Ko ni ba na samun irin wannan gata.

Jiya na ga Kwandasta ya sake fara kaɗa kai. Maigida na shigowa na hau keken ɗinki na dinga ɗinkin ƙarya don kada ya ji ƙarar kaɗa kunnuwan. Amma keke ba ya ɓoye wari. In aka ɗauke karen nan Baba zai koma ɗaki, na sani. Yaya zan yi?

'Yar Direba

Ƙanwata 'Yar Direba, na yi dariyar kuwa, musamman wurin keken. Amma kwantar da hankalinki, kin kawo cutar kin haɗo da maganinta a wasiƙa ɗaya.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, wari ba ya daɗin zama, kuma karen yana shan wahala. Inda ya kuskure shi ne batun ƙazanta. Ina zargin tsabtar ce ta yi yawa. Mota in an wanke ta rana ce ke busar da ita. Kunnen da ya rufo kamar murfin tukunya kuwa ruwa ke kwana a ciki, ga ɗumi, nan ƙwayoyin cuta ke samun gidan haya. Tsinken auduga kuma tura dattin ciki yake yi. A daina shi daga yau.

Kuskure na biyu naku ne duka: daina susa ba warkewa ba ce. Magani ana kai shi iya kwanakin da likita ya ce, sannan a koma ya leƙa ya tabbatar. Ragowar da ke kan firji ki zubar. Ki gode wa Allah da Fasinja ta gudu, don wani maganin kare yana yi wa mage illa.

Ku kai su wurin likita tare, kada ku jira. Akwai ƙananan ƙwari da ke yawo daga kunnen wannan zuwa na wancan, in aka yi wa ɗaya magani aka bar ɗaya an yi aikin baban giwa. Ki gaya masa ciwon maimaituwa yake yi, ya duba dattin da kyau, ya bincika ko akwai abincin da jikin karen ba ya so. In kuma kin ga yana karkata kai ko yana tangaɗi, a tafi a ranar.

Ki faɗa wa maigida gaskiya yau, kafin hancinsa ya faɗa masa. Ki roƙe shi ya ba ku lokaci a yi maganin yadda ya kamata, a kuma matsar da shimfiɗar Kwandasta daga baranda. Ki gaya masa abin da kika gaya mini game da dariyar Baba. Mai haƙuri zai ji.

Shi kuwa Baba, kada ki ce masa shi ya jawo, zai ji ciwo. Ya ci gaba da wanke motarsa, wankan kare ya zama jefi-jefi, daga wuya zuwa ƙasa. Ki ba shi sabon aiki: kowace safiya ya ɗaga kunnen, ya duba, ya shinshina, ya goge bakin kunnen da busasshen ƙyalle, kamar yadda yake duba man inji kafin ya ɗau hanya. Direban kirki ba ya tashi bai duba ba, kuma ba ya tafiya ya bar kwandastansa a tasha.

Allah ya ba su lafiya, ya ƙara wa Baba tsawon rai. Ki gaishe mini da Fasinja, ki ce ta fara biya.