Gadon Bakin Taga

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da manyan ƙasa? Mu nan sai godiya. Mamanku tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko har yanzu shayi da burodi ne abincinki safe da yamma.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace. A kan injin wankin ƙoda nake, hannun hagu ɗaure da robobi, na dama ne kaɗai nawa. Sista ta ɗora mini ɗan allo a cinya, amma takardar sai zamewa take, babu hannun da zai danne ta. Kar ki ce me ya hana in kira ki. Kunnena ya yi nauyi, ke kuma a waya magana kike kamar ana korar ki.

Ina nan a gadona na bakin taga, Litinin da Alhamis. Kin san yadda na same shi, sai da mai shi ya rasu. A baranda kuwa masu jira sun fi mu yawa, kowa da ƙafafu a kumbure, suna kallon ƙofa. Ba sa yi mana mugun fata, amma mun san abin da suke jira.

Ga dalilin rubutun. Na ji a rediyo kwamitin lafiya na majalisarku zai yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudirin dokar nan da za ta sa gwamnati ta ɗauki nauyin masu doguwar jinya, a kuma ƙara injina a asibitoci. Tunda ke ce mai rubuta bayanan zamansu, ki sa sunana cikin masu magana.

Na zaga unguwa ina neman 'yan rakiya. Uwata, na sha mamaki. Mai aski ya ce doka ai ta masu ciwo ce, shi lafiyarsa lau. Na ce masa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce shi aske gemu ne sana'arsa. Tela ko ɗago kai bai yi daga kan keke ba, ya ce, "Malam, duk kanwar ja ce." Samarin bakin shago kuma ƙwallo suke musu, har jijiyoyin wuya sun tashi, a kan wani ɗan wasa da bai san da zamansu a duniya ba. Rabinsu ni na koyar da su darasin zama ɗan ƙasa. Da alama alli kawai na ɓata.

Na gaji, ba zan ɓoye miki ba. Mun yi zaɓe, mun yi zanga-zanga, na bugo wa rediyo waya har mai gabatarwa ya gane tarina. Amma wannan karon su suka ce a zo a yi magana, to zan zo.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Mama. A ce mata yanzu har ƙwai nake haɗawa da burodin.

Na sa sunanka, don ba zan iya ƙin umarninka ba. Amma Baba, ka saurare ni ko sau ɗaya, a matsayin wadda take cikin gidan nan.

Wannan ƙudirin ba baƙona ba ne. Tun ina sabuwar ɗauka nake buga shi. Kowace majalisa ta zo sai ta canza masa suna, a yi hoto da shi, a mayar da shi kabad. Kuskuren da na yi a shafi na huɗu tun farkon aikina har yau yana nan, babu wanda ya karanta ya kai can.

Mu ƙananan ma'aikata muna da yadda muke gane zaman da za a yi da gaske. Tun da saura kwanaki ake goge babban zaure, a gwada lasifika, a gayyato masu kyamara, a yi odar ruwan gora. Wannan kuwa ƙaramin ɗakin ƙasa aka ba shi, kusa da inda ake tara karyayyun kujeru. Ko ruwa ba a yi oda ba. Kuma ranar ce jam'iyya take taron rabon muƙamai a otal. Ka gaya mini ɗan majalisar da zai bar rabon nama ya zo jin labarin ƙoda.

Abin da ya fi damuna, Alhamis ce, ranar gadonka.

Ka rubuto abin da kake son faɗi, ni da hannuna zan sa shi a fayil. Ba na cewa ba ka da gaskiya, kana da ita, kuma ni ma a kanta ka raine ni. Amma na zauna a ƙarshen teburin nan ina buga maganganun mutane masu gaskiya har yatsuna suka yi kanta, ban ga abin da ya motsa ba. Ƙasar nan ba za ta san ka zo ba. Mu kuwa za mu sani in wani abu ya same ka.

Don Allah ka zauna.

'Yarka

*

Ke 'yar nan,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Mamanku. Ban iya dogon rubutu irin naku ba, ki karanta da kyau.

Babanku ya karanta takardarki, ya ce kin iya tsara magana, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya aika wanki da babbar rigarsa. Kin ji amsarki ke nan.

Abin da bai gaya miki ba shi ne ƙa'idar ɗakin. Duk wanda ya bar gadonsa ranar layinsa ba da dalilin asibiti ba, na bayansa ake ba, shi kuma ya koma ƙarshen layi. Sista mutuniyar kirki ce, ta ja shi gefe ta ce ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ita za ta rufe ido. Sai ya miƙe a tsakiyar ɗaki, gaban likita, ya sanar da cewa majalisa za shi. Wai ba zai je neman doka da ƙarya a bakinsa ba. Na ce to madalla, shugaban masu gaskiya, sai ka wanke jininka da gaskiyar.

Na ce ya aika a rubuce kamar yadda kika ce. Ya ce takarda ba ta da kumburin ƙafa, sai sun ga hannunsa da idonsu. 'Yan ɗakin duk sun ce ya yi magana da yawunsu, amma babu mai bin sa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. 'Yan unguwa kuwa da ya dame su kowa ya ce in Allah ya yarda. Ke kin san irin wannan in Allah ya yardan. Shi ya ɗauka alkawari ne, har ya yi shatar ƙaramar bas.

Tun ina amarya nake zaune da mutumin nan da rediyonsa, na yi magana har bakina ya gaji. Yanzu tsoro nake ji. Ki kira shi ki ce an ɗage zaman. Ƙaryar a kaina, ni zan amsa ta gaban Allah.

Mamanku

*

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki, ya fama da jinya? Nakan kira ki kuka ya hana ni magana, shi ya sa na ce bari in rubuto abin da ya faru.

Na yi ƙaryar da kika sa ni. Na ɗaga murya a waya na ce an ɗage. Sai ya ce rediyo bai faɗa ba.

Kin ga yadda ya taso, bas guda daga shi sai direba. Direban ya ce mini sun daɗe a bakin titi suna jira, Baba yana cewa a ƙara haƙuri, tela yana tafe. Da suka iso na tare shi a ƙofar shiga. Takalminsa a hannu yake, ƙafa ta ƙi shiga. Masu gadi suka so hana shi, sai da na ce mahaifina ne. Matakalar ɗakin ƙasa kuwa a hankali muka sauka, yana hutawa yana ce mini ba komai.

Ɗakin babu kowa sai ni, da shi, da wasu mata biyu daga wata ƙungiya, da mai shara da ke jiran a tashi ya kulle. Muka yi ta zama. Can sai ga shugaban kwamiti da waya a kunne, ɗan majalisa ɗaya na bin sa. Ko zama bai yi ba. Ya duba kujeru, ya ce mambobi ba su kai adadin da za a buɗe zama ba, don haka an ɗage sai abin da hali ya yi. Ashe ƙaryata ma gaskiya ce, jinkiri kawai ta yi.

Baba ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga hannun nan mai tabon allurai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na bar gadona na zo."

Shugaban ya ce Allah sarki, Allah ya ba da lafiya, ya yi wa mai riƙe masa jaka alama. Shi kuma ya matso yana ƙoƙarin cusa wa Baba ambulan a aljihu. Mama, sun ɗauka roƙo ya zo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur a hankali, amma kafin ya ɗago sun fice.

Na ce mu tafi. Ya ce in kunna lasifika in zauna a mazaunina. Na kunna. Ya tsaya gaban kujerun mambobin da babu kowa a kai ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, kamar suna zaune. Ya yi bayanin ɗakinsu, da baranda, da yadda mutum yake samun gado. Bai zagi kowa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce, "Ba na so in ƙara ganin mutumin kirki yana jin daɗi a ɓoye don an fito da gawa." Matan nan biyu suka sunkuyar da kai. Mai shara ya daina kaɗa makullansa.

Da ya gama ya ce, "Kin rubuta?" Na ce na rubuta, Baba. Ban gaya masa cewa zaman da ba a buɗe ba, babu kundin da zai karɓi bayaninsa ba.

Na roƙe shi ya kwana in kai shi wani asibiti a nan, ya ƙi, wai zai koma ya ba 'yan ɗaki rahoto. Ina ta bin asibitoci tun ranar, ko'ina layi ne. Me Sista ta ce? An mayar masa da gadon? Idan wani ne a kai, ki gaya mini, akwai wanda zan iya kamawa a ma'aikatar lafiya ya yi waya. Ban taɓa yi ba, amma zan yi.

'Yarki

*

Uwata,

Sallama da albarka. Mamanku ta karanta mini takardarki.

Na san ba zai shiga kundi ba. Ni na koyar da darasin, kin manta? Ki ajiye abin da kika buga, wata rana wani zai tambaya.

Kar ki kama kowa ya yi waya. Matar tela ce a gadon. Ashe ta daɗe a layi, ita ce wata da nake gani tana rufe fuska da mayafi a ƙarshen baranda, shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Jiya ya zo gida ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa kallona. Da zai tafi ya ce, "Malam, wai me dokar ta ce?" Na fara yi masa bayani, numfashi ya hana. Ya ce zai dawo gobe in ƙarasa.

Sista ta ce da zarar wuri ya samu za ta kira. Kin san abin da samun wuri yake nufi, don haka ban san addu'ar da zan yi ba.

In kin sami hutu ki zo, kar ki jira ƙarshen wata.

Kin ga yau rubutun ya miƙe. Hannun hagu ne ya danne takardar.

Babanki