Hasken da ya rabu biyu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Bilki da yara?

Binciken nan nawa ya yi. Na tsare haske tsakanin madubai biyu, da irin ruwan da ke cikin gilashin waya a tsakiya. Sai hasken ya rabu biyu, mai juyawa dama ya kama hanyarsa, mai juyawa hagu ma haka. Ban san sanda na ce "Yaya, zo ka gani!" ba, kamar lokacin da muke haska wa Inna rana da madubi. Na waiwaya, ba kowa. Oga yana taro, ɗalibai suna hutu. Haka na hau motar Kuje da maganata a ciki.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. Hoton hasken da na ɗauka yana nan, kai za ka fara gani.

Ƙanwarka,
Hadiza