Abin da Baƙuwa Ta Yaba

Malindi, farkon Rajab.

Zuwa ga Yayata Shumi, a Lamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Man kanumfarin da na aiko kina shafawa, ko kin ɗora shi a kan kabad kina kallo? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga ni na dawo ga takarda.

Albishirinki. Ɗanki Famau zai zo daga Italiya kafin azumi, shi da matarsa Ornella da 'yarsu Lulu. Kin san yarinyar nan ta shekara bakwai ban taɓa riƙe hannunta ba. In aka miƙa mata waya numfashinta kawai nake ji, sai ta mayar wa ubanta. Ba ta jin Sawahili, ni kuma ba na jin nasu.

Sai dai murnar da ƙaya a ciki. Famau ya ce otal suka kama a bakin ruwa. Ya ce, "Mama, kada ki sa a ranki. Otal ta saba da irinsa, gidanmu kuwa ko tsaka ta gani a bango ba za ta runtsa ba." Na ce to. Amma Yaya, na sa a raina. Jikata ta ƙetaro teku ta zo garin ubanta, ta kwana a ɗakin haya? Ba na neman da yawa. Ko sau ɗaya ne ta kwana a ɗakina, in ga yadda take farkawa.

Shi ya sa na shiga makaranta da furfurata. Kin tuna Madam Pina, tsohuwar Ba'italiyar nan mai sayar da askirim kusa da kasuwa, wadda nake yi wa ɗinkin labule? Ita ke koya mini bayan la'asar. Ta ce da me za mu fara, na ce da kalmar ba da kyauta. Ta cire tabarau ta dube ni. "Mwanaidi, mutane da gaisuwa suke farawa, ko da ina banɗaki." Na ce gaisuwa fuska ma tana yi, amma in ka miƙa wa yaro abu ba ka ce nasa ba ne, sai ya zaci riƙo aka ba shi.

Ashe tasrifi ne, irin na Larabci wanda Malam Bakari ya sha dukanmu a kansa. Regalo, ni ke bayarwa. Regali, kai. Regala, shi ko ita. Regaliamo, mu duka. Na tsinci kaina ina rangaji ina rerawa, sai na katse, kada in sa wa zancen duniya muryar karatu. Yanzu sai ina kankare kwakwa nake bita, motsin hannun ya ishe ni. Baban Famau ya samu abin tsokana. Daga tsakar gida sai ya ɗaga murya, "Malamar Italiya, a yi mana regalo da gahawa mana." Na ce masa ya karya tasrifin, babu gahawa sai ya gyara.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da kowa da sunansa.

Ƙanwarki,
Mwanaidi.

Malindi, tsakiyar Sha'aban.

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ji an ce ruwa ya yi muku ɓarna a bayan gida, Allah Ya mayar da alheri. Ya jikin?

Sun iso lafiya. Famau ya yi ƙiba. Lulu kuwa goshin Innarmu ne da ita sak, har da 'yar harara. Ta maƙale a bayan uwarta, ido ɗaya kawai nake gani.

Ornella mutuniyar kirki ce, ta cire takalmi a ƙofa ba a ce mata ba. Amma Yaya, bakinta ba ya wuce abu bai yaba ba, kuma babu tubarkalla ko ɗaya. Kin san yadda Inna ta raine mu: abin da baƙo ya yaba ya tashi daga naka, ka ba shi, zuciyarsa ta huta, kai ma ka huta da ido. Tana zama ta ga tiren tagulla ta ce bello, wato kyakkyawa. Na tashi na goge shi na miƙa mata da hannu biyu, na ce te lo regalo, na ba ki shi kyauta. Maganata ta farko ke nan da harshensu, kuma ta fita daidai. Ta yi ja har kunne, ta rungume ni. Ba a jima ba ta yaba kaskon turare. Na ba ta. Ta yaba butar gahawa, ta yaba mayafin da ke kafaɗata. Kafin magariba sun fita da kaya kamar masu ƙaura. Baban Famau ya bi su da kallo ya ce, "A kai awakin nan maƙwabta. Ni ma gobe ba zan sa farar riga ba, kada a yabe ni."

Washegari Famau ya shigo kicin ya same ni. Wai zai dawo da kayan a ɓoye, matarsa ta kwana tana jin kunya. Na ce kyauta ba ta komawa, kada ya ja mini abin da ba na iya ɗauka. Sai ya je ya yi mata bayani, ita kuma ta gargaɗi yarinyar. Tun daga ranar gidan ya yi tsit. Ornella ta ci shinkafar kwakwa da kifi har ta ƙara, na ga yabon ya taso mata, ta cije leɓe ta haɗiye. Lulu tana zaune da hannuwa a cinya, ba ta kallon komai, kamar an ce kallo ma laifi ne. Rana na faɗuwa su koma otal.

Na kai kuka wurin Madam Pina, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Mu yabo a wurinmu kamar numfashi ne, wawiya. Har hadari muna ce wa bello. Kin toshe wa matar nan hanci." Na ce to ni ya zan yi, in bar abin da na tashi a kai? Ta ce ita askirim ta sani.

Kwanakin suna tafiya, Yaya. Na koyi kalma ɗaya da kyau, ga shi ita ce ta rufe bakin baƙina. Ban daina bita ba dai.

Taki,
Mwanaidi.

Malindi, ƙarshen Sha'aban.

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, kuna kuma shirin azumi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, akwai abin da zan nemi yafewarki a kansa, amma ina rubutu ina murmushi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, manya suna tsakar gida suna shan gahawa da halawa, na shiga ɗakina ɗauko zare. Sai na iske Lulu a ciki ita kaɗai, bin kyanwa ya kawo ta. Tana tsaye gaban gadon katakon nan na Inna, wanda aka kawo mini a jirgin ruwa bayan rasuwarta. Ta ɗaga kai tana kallon dawisun da aka zana a gilashin kansa, tana shafa sassaƙar ƙafar da yatsa. Ba ta san na shigo ba. A hankali na ji ta ce bello. Tana juyowa ta gan ni, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, idanunta suka cika da hawaye.

Yaya, ke ma kin sani. A kan gadon nan aka haife mu, a kansa Inna ta cika. Kuma na san in na faɗa, na faɗa ke nan, ba na wasa da kyauta don mai karɓa yaro ne. Na durƙusa daidai tsayinta, na cire hannun daga bakinta, na dafa gadon na dafa ƙirjinta, na ce te lo regalo.

Ta dube ni, ta dubi gadon. Sai ta kwasa da gudu tana ihu da harshensu. Kafin in miƙe duk sun cika ɗakin. Ornella ta kama kai tana magana da sauri, Famau yana fassarawa: a yi haƙuri, yarinya ce, kuma wane jirgin sama ne zai ɗauki wannan? Na ce ni dai na bayar, ga shaidu. Baban Famau ya gyara hula ya ce, "Ai ko jirgin ya yarda, ƙofa ba za ta yarda ba. Bayan an shigar da shi muka ƙara ginin nan. Mai shi sai dai ta zo inda yake."

Da aka gaya wa Lulu, ta taka ɗan bencin hawa gadon ta haye, ta zauna a tsakiya ta harɗe ƙafa. Magariba ta yi, aka ce ta sauko a tafi otal. Ta ce ba inda za ta, wa ke barin gadonsa ya je ya kwana a na mutane? Ubanta ya nuna mata tsaka a bango. Ta ce ai ita ma a ɗakin gadonta take, tata ce. Ornella ta dube ni, dariya ta ƙwace mata, sai ga yabo yana zubowa: gidan, abincin, kyanwar, har haƙoran Baban Famau. Na ɗaga hannu na ce ya isa, na yafe wa kaina bayar da sauran.

Sai na sa Famau ya tambayi mai gado inda ni zan kwana. Ta yi tunani sosai, da harararta ta Inna. Ta ce ba za ta ba ni kyauta ba, don bai daɗe a hannunta ba, amma ta ara mini gefen bango.

Tun ranar a nan take kwana. Barcinta babu ladabi, haƙarƙarina duk ciwo. Da safe takan farka da gashi a tsaye, ta lalubo fuskata da hannu tun ba ta buɗe ido ba. Jiya na yi mata kitso, ta ci fanken kwakwa har ta ɓata zanin gado, na yi shiru, tunda ba nawa ba ne. Ta riga ta shaida wa iyayenta cewa baɗi dole a dawo, ba za ta bar kayanta a hannun 'yar aro ba tare da dubawa ba.

Ki yafe mini, na san kina da rabo a abin Inna ko da na tunawa ne. In kin zo bayan salla sai ki nemi izini wurin mai shi. Ina jin za ta ba ki wajen ƙafa.

Ki gaishe da yara. Allah Ya kai mu watan lafiya.

Ƙanwarki mai kwana a gefen bango,
Mwanaidi.