Jitar da Aka Dawo da Ita

Zuwa ga Yaya Zailani,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk jama'ar gida a Funtuwa. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ja da kwana. Mu nan Landan muna lafiya, alhamdu lillahi. Fa'iz ya koma makaranta, Zarah kuma tana shago tare da babanta. Maganar ƙanin naka, maigidana, ce ta sa na zauna rubutu, don in na kira waya yana kusa, ba na iya sakin baki.

Ka fi ni sanin inda sana'ar nan ta faro. Tare kuka zauna gaban marigayi Baba yana sassaƙa garaya da molo, kai kana jan fata, shi yana murza tsirkiya. Da ƙanin naka ya zo ƙasar nan karatu, shara ya fara yi a shagon wani tsohon Bature mai ƙera jita a Lewisham, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Wata rana tsohon ya gan shi yana ƙwanƙwasa guntun katako yana kasa kunne, sai ya karɓe tsintsiyar ya miƙa masa kurfin sassaƙa. Da tsohon ya gaza, shi ya bar wa shagon da kayan aikin. A nan na same shi da aka kawo ni, a nan muka raini yaran nan cikin ƙurar katako da warin gam ɗin fata da yake dafawa a 'yar tukunya.

Yaya, aikin jita na kunne ne. Gefenta ana jiƙa shi a lanƙwasa a jikin ƙarfe mai zafi, wannan kowa zai iya koya. Amma katakon fuskarta, wanda sautin yake fitowa daga gare shi, sai an riƙe shi da yatsu biyu a ƙwanƙwasa, a saurara, a kankare kaɗan, a sake ƙwanƙwasawa, har ya yi amo kamar ƙararrawa. In an bar shi da kauri, jitar ta zama bebiya. In an wuce gona da iri, ta tsage. Saboda wannan kunnen nasa makaɗa suke jiran shekara guda kafin layi ya zo kansu. To, kunnen ne yake tafiya.

Tun bara na lura. Sai in yi masa magana daga kicin ya yi shiru, ya ƙure talabijin har maƙwabtan flat ɗinmu su buga bango. Na yi masa booking wurin likitan kunne, ya sa aka yi cancel, ya ce mura ce.

A watan jiya wata baiwar Allah mai koyar da kiɗa ta zo karɓar jitarta. Tun ana haɗa ta Zarah ta gaya masa fuskar ta yi kauri, ya ce mata tun ba a haife ta ba yake wannan aiki. Matar ta tafi da jitar, bayan mako ta dawo da ita. Cikin ladabi ta ce kyau kam babu kamarta, amma sautin a shaƙe yake, ba irin na hannunsa da ta sani ba. Tun da ya buɗe shagon nan da sunansa ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Zarah ta ce bai yi musu ba, ya karɓa ya rataye ta a bango, ya ɗauki tsintsiya ya hau sharar wurin da ba datti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne bayan haka. Ya yanka katako da injin zarto, ya zaci ya kashe injin, alhali bai ji yana ci gaba da gudu ba. Ya kai hannu zai share garin katakon, Zarah ta fizgo rigarsa ta baya. Allah ya tsare, gefen babban yatsa kawai ya samu, aka ɗinke a asibiti. Tun daga ranar, in ya fita da safe addu'a nake ta yi har ya dawo.

Ita kuma yarinyar tana cikin tsaka mai wuya. Wani maƙerin jita a ƙasar Sifen ya ga aikinta ya nemi ta je ta yi aiki a wurinsa. Ta gaya mini tana kuka, rabi da Hausa rabi da Turanci, cewa ba ta son barin babanta, amma ba za ta ƙare rayuwarta tana goge fenti ba alhali tana jin abin da shi ya daina ji. In ta tafi, shagon ya mutu, shi kuma ban san me zai zama ba.

Shekaranjiya na kai musu abinci, na tarar ya cire fuskar jitar nan ya ajiye a gaban Zarah. Ta ƙwanƙwasa ta kankare, ta sake ƙwanƙwasawa. Shi kuwa fuskarta yake kallo, ba katakon ba. Da ta ce ya isa, sai ya gyaɗa kai ya fita waje ya daɗe a tsaye. Da ya dawo gida, ko abinci bai taɓa ba.

Shi ya sa na zo gare ka. Ya taɓa ba ni labari cewa lokacin da idon Baba ya raunana, kai ka karɓi wuƙar sassaƙa daga hannunsa, kuma har ya koma ga Allah bai ji an ture shi ba, kullum yana zaune a rumfa ana kawo masa garaya ya sa albarka. Ban san yadda ka yi ba, amma ina roƙonka ka koya wa ƙaninka. Ka ce masa ya je a duba kunnen, ya bar injin nan, ya riƙe 'yarsa kafin ta ba mutumin Sifen amsa. Maganarka kaɗai yake ɗauka.

Ka gaida mini Anti Safura da Gwaggo Anatu, da Hamdatu da jaririnta, da Affan in ya zo hutu. Fa'iz da Zarah suna gaida Baffansu.

Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin yana gida. Ka ɗaga murya sosai, Yaya. In ka ji yana cewa to, to, ka sake maimaita masa, don ba jin ka ya yi ba.

Taka ƙanwa,
Karimatu