Rasuwar Dakta Irene Samson a Hanyar Gonarta

Cikin alhini da zullumi, Ƙungiyar Ma'aikatan Gwamnati Masu Ritaya Mazauna Narayi ta sami labarin rasuwar uwarmu, Dakta Irene Samson, wadda 'yan bindiga suka harbe ranar Asabar da rana tsaka tana dawowa daga gonarta da ke bayan Kakau, suka kuma yi daji da direbanta, Malam Abubakar, wanda har yanzu ba a ji ɗuriyarsa ba.

Marigayiyar ta kama aiki tana ƙaramar jami'ar tsare-tsare, ta yi ta hawa har ta zama Darakta mai kula da hulɗa da hukumomin raya ƙasa na duniya. Ita ce ta taɓa ƙin sa hannu a kan wani shirin rijiyoyin burtsatse, ta ce sai Turawan da suka kawo tallafin sun bi ta ƙauyuka sun ji daga bakin matan da ke ɗibar ruwan. Suka bi ta, aka sauya wuraren haƙa, kuma rijiyoyin na ba da ruwa har gobe. Daga baya aka ba da aronta ga wata hukumar ƙasa da ƙasa, ta yi aiki a Saliyo lokacin annobar Ebola, ta zauna a sansanonin 'yan gudun hijira a Sudan ta Kudu, ta dawo gida lafiya lau.

Abin da ya ɗaga mana hankali ke nan: matar da yaƙi da annoba suka ƙyale, a hanyar gonar masara aka kashe ta. Yawancin mambobinmu a yankin suke noma, ga amfani ya nuna, amma tun ranar babu wanda ya iya taka hanyar. Muna roƙon kowa ya dakata tukuna, muna kuma kira ga hukumomin tsaro su ceto Malam Abubakar, wanda 'ya'yansa ke zaune a ƙofar gida suna jira.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Baba Ernest Samson, da 'ya'yansu, Vicky da Daniel, Ubangiji ya ba su ƙarfin jurewa. Za a kammala waƙoƙin ban kwana kafin faɗuwar rana, kuma a nan Kaduna za a binne ta, ba a ƙauyensu kusa da iyayenta ba kamar yadda ta so. Baba Ernest ya shaida wa dattawanmu: "Ba zan kai gawa ɗaya gida in dawo da wata ba."

Dattijo Benjamin Nelson,
Sakataren Yaɗa Labarai