Inna, Wace Hita Ce Za Ta Riƙe Mini Jaririya?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa yana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ki ba. Kaina ne ya ƙulle, kuma ke na saba kawo wa irin wannan.

Inna, matata Hauwa ta haihu. Mace aka samu, sai dai bakwaini ce. Tun ranar tana asibiti cikin kwalba, gobe kuma za a sallame ta. Likita ta ce ƙirjinta bai yi ƙwari ba, kada sanyi ya taɓa ta, kada ta shaƙi hayaƙi. Ni take kallo tana faɗa.

Kin sha yi mini dariya idan na ce ana sanyi a Riyadh, kina cewa ƙasar Larabawa ai rana ce zalla. Wallahi sanyin unguwarmu Manfuha a watan nan har ƙashi yake shiga. Gidajen don gudun zafi aka gina su, ƙasa tayil, bango siminti. Ɗakin kwananmu iska ke shigo masa ta ramin na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa muka dawo da gado falo, falon kuma da safe kamar cikin randa yake. Tsohuwar hitar da na gada a gidan, wadda a nan ake kira daffaya, ba ta tashi mutuwa ba sai yanzu. Ta yi ƙauri, ta yi shiru.

Sai Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu da ke yi wa Hauwa wankan jego, ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba. Ta zuba garwashi a kasko, ta kawo falo, ta barbaɗa turaren wuta, daidai yadda kike yi wa duk mai jegon da ta shigo hannunki. Ta manta irin ɗakinki na ƙasa a gida iska na ratsa shi ta ƙarƙashin ƙofa da ta rufi. Mu nan duk wata kafa na bi na liƙe ta da salatif. Na dawo aiki da la'asar na tarar da Hauwa a kwance tana amai, ba ta iya ɗaga kai, Hajiya kuma dafe da goshi tana cewa jiri. Na bankaɗe ƙofa da taga, na yi waje da kaskon. Na daka wa tsohuwa sa'arki tsawa, ta fita tana share hawaye. Inna, da jaririyar tana ɗakin nan fa? Tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Jiya da yau, da na sauke 'ya'yan maigidan da nake yi wa direba a makaranta sai in nufi shagunan unguwar Shumaisi neman hita. Akwai mai jan sanduna, kina kunnawa zafi ya buge ki, amma zani ya faɗa mata sai gobara, ga Hauwa ba ta ganin abu mai ɗumi ba ta shanya masa kaya ba. Akwai mai fanka, ita kuma busar da hanci take yi, ni babba ma sai da na yi tari a gabanta. Sai mai haƙarƙarin ƙarfe, wadda aka rufe mai a cikinta, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Ita hankalina ya fi kwanciya da ita. To amma babbar, wayoyin gidanmu ba za su ɗauke ta ba, ana jona abin dafa ruwan wankan jego wutar gidan za ta yanke. Ƙaramar kuma ina tsoron ba za ta cika falon ba. Duk wadda na nuna sai mai shago ya ce kullu zain, wato duk masu kyau ne. Saura kaɗan in ci kwalarsa.

Na ɗauki matsakaiciya. Hauwa ta zagaya ta, ta taɓe baki, wai ita ba ta yarda da zafin da ba a ganin wutarsa ba. Ni ma dai ban gama yarda ba.

Tun azahar take a kunne. Ƙarfen ya yi zafi, amma lungun gadon har yanzu akwai sanyi-sanyi. Na matso da ita, na ji tsoron ta yi kusa da yawa, na mayar. Na ja gadon, na sake ja. Na kwanta a inda za a kwantar da yarinyar, na tuɓe riga, ko fatata za ta gaya mini gaskiya. Ba ta gaya mini komai ba.

Ke kuwa ɗaki kawai kike shiga, ki tsaya, ki ce a ƙara ko a rage. Kina cewa, “Jariri ba a tambayarsa, ƙeyarsa ake taɓawa.” Na riƙe maganar, Inna, amma ban san ɗumin da ake nema a ƙeyar ba. Hannuna sitiyari ya sani.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Sunanki na sa mata, muna kiranta Ummi. Ranar da kika rasu ina nan garin, a waya aka gaya mini, ko ɗaukarki ban samu ba. Ba zan iya jin an sake haɗa sunan nan da kalmar rasuwa ba. Wallahi ba zan iya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta. Ka ɗumama ɗakin nan fiye da abin da ƙarfen nan zai iya. Ka bar mini Ummi ta girma a gabana, amin.

Ɗanki da ke kewarki,
Isiya