Ƙwayar Gero Ɗari

Daura, 3 ga Afrilu, 2004

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Inna da ƙannena kuna lafiya a can garinmu Babban Mutum. Gwaggo Shatu tana gaishe ku.

Ajin nan na ranar Asabar, da aka zaɓe mu mu goma sha biyu saboda mun fi ƙoƙari, yana yi mini daɗi ƙwarai. Malama Sadiya ba ta ba mu hadda. Tambaya take jefo mana, ta koma gefe tana kallonmu muna musu. Satin nan ta ce kowa ya kawo ƙwayar iri ɗari, mu shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma mu ga nawa za su tsiro. 'Yan birni kasuwa za su je su sayo. Ni kuwa na riga na cika baki cewa geron Kaka zan kawo, kuma shi zai zo na ɗaya. Don Allah ka aiko mini tafi guda ta hannun direba Lawal.

'Yarka,
Haulatu

Babban Mutum, 8 ga Afrilu

Uwata Haulatu,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, sai zafi. Ga geron nan, irin da mahaifina ya bar mini ne, shekara talatin bai taɓa ba ni kunya ba.

Amma ni ban kai ki Daura don a koya miki noma a tsumma ba. In abin da ake yi ran Asabar ke nan, muna da shi a gida. Da zangon nan ya ƙare ki bar ajin, Asabar ɗinki ki riƙa zuwa kina taya Innarki aiki. Ni ƙarshen wata zan yi binne, ruwan farko ya tarar da irin a ƙasa.

Allah ya yi miki albarka.
Mainasara

Daura, 26 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Talatin da ɗaya ne suka tsiro. Na kasuwa ma ya kai tamanin, aka yi ta yi mini dariya har na yi kuka. Malama ta ce in share hawaye in sake. Na sake, ashirin da tara. Na canza tsumma da ruwa, talatin da uku. Sai ta tambaye ni me ya canza bana a gidanmu.

Na tuna, Baba. Kullum a zangarniya kake ajiye iri a rumbu. Bara da ɓeraye suka dame ka, ka sa aka sussuka shi da wuri, aka zuba a buhun leda aka ɗaure. Bai gama bushewa ba. Ka sa hanci a buhun, za ka ji warin gumi.

Kada ka yi binne da shi, gonar za ta fito gwarca-gwarca, nan tsiro can fili. Ban ce ka yarda da ni ba. Ka jiƙa ɗari da hannunka, kwana biyar ya isa. Na tabbata da abin da na gani. In ka samu tamanin, ni da kaina zan bar ajin.

'Yarka mai biyayya,
Haulatu

Babban Mutum, 14 ga Mayu

Uwata,

Wa alaikis salam. Na daɗe ban rubuto ba don fushi nake. Kwana uku takardarki na cikin aljihuna, na kasa kallon buhun nan. Daga baya na jiƙa ɗari a bayan rumbu, inda Innarki ba za ta gani ba.

Ashirin da takwas.

Na je wurin Baffanki Sama'ila, nasa irin Kakanki ne, kuma yana nan a zangarniya. Nasa ma sai da na jiƙa, har ya ce na raina shi. Casa'in da biyu. Da shi na yi binne, shekaranjiya aka yi ruwa.

Ki zauna a ajinki. Lawal zai kawo miki ƙullin iri bakwai na maƙwabta, kowanne da sunan mai shi. Sun ce nawa gwajin ba su yarda da shi ba, sai naki.

Ki gaishe mini da Malama Sadiya.
Mahaifinki,
Mainasara